Robar Hancin Kawu Ishawu

Duk wanda ya sayi nama a kasuwar Nima ta Akra cikin 'yan shekarun nan ya san Kawu Ishawu, ko da bai san sunansa ba. Ka ce kana neman mahauci mai usur, za a nuna maka rumfa ta uku daga bakin lambatu. Ba wani usur yake ratayawa a wuya ba. Hancinsa ne. Ƙofar dama a buɗe take kamar ta kowa, ta hagu kuwa ta tsuke har tsinken tsintsiya ma da ƙyar yake shiga, kuma duk sa'ad da ya ja numfashi sai ta yi wani siririn fito. Shekara goma cur yana wannan fito, daga 1957 har zuwa bara. A masallaci, idan liman ya yi shiru, ana jin sa daga sahu na uku.

Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da ta rasu. Ni ne Abass, wanda ya gama karatu a jami'ar Legon bara, kuma ni na sa hannu a takardar da aka yi masa aikin hanci na biyu da ita. Har yau ranar ba ta bar raina ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarinsa tun daga farko, ko zuciyata ta zauna wuri ɗaya.

Sunansa na yanka Isiyaku. A ƙasar Gobir aka haife shi, zanen Gobirawa na nan raɗau a kumatunsa. Yana saurayi ya biyo masu koro shanu zuwa kudu, a ƙafa, wata biyu suna tafiya. Ya yi shekara huɗu a Kumasi yana wankin hanji a kwata, sannan ya sauka Akra a shekarar da aka yi girgizar ƙasa. A Sabon Zongo ya koyi fawa, a can ne kuma bakin mutanen gari ya mai da Isiyaku Ishawu. Bai yi gardama ba. Ya ce wanda ya zo cin arzikin gari ba ya faɗa a kan suna. Da Nima ta fara cika ya tare nan, lokacin shanu na kiwo a wuraren da yanzu gidaje suka cushe. Ya auri Inna Amama, 'yar Gambaga mai sayar da koko da ƙosai, gajeriyar mace mai baki kamar reza. 'Yarsu ɗaya ce, Sanatu, tana aure a Kumasi.

Kawu ba malami ba ne, karatunsa bai wuce izu biyu ba. Amma akwai abu biyu da yake tinƙaho da su. Na ɗaya, tun kafin ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko a hanyar shanu. Na biyu, yankansa. A gari irin Akra, inda nama ke fitowa ta ko'ina kuma ba ka san wanda ya riƙe wuƙar ba, mutanen zango ba tsoka kawai suke saye ba, suna sayen amincin wanda ya yanka. Matan Nima da Maamobi kan ajiye wa baƙo kwano su ce, "Ci, yankan Ishawu ne," magana ta ƙare. Shi kuwa abu biyun nan a wurinsa abu ɗaya ne. Yakan ce, "Wuƙa kowa ya iya wasa ta. Abin da ake saye a rumfata bisimillata ce. Ranar da aka ce Ishawu ba ya azumi, ranar na tashi daga mahauci na koma mai tallar mushe."

A makon da Gana ta sami 'yancin kai, cikin watan Maris na 1957, mutanen unguwarmu suka haɗu suka sayi bijimi don walima, wani baƙi mai farin goshi. Aka kawo shi filin bayan masallaci. Wa zai yanka in ba Kawu ba? An kayar da shi, an ɗaure ƙafafu, Kawu ya durƙusa ya kama ƙaho zai juya kan gabas, sai makaɗa suka ɓarke da kiɗa a kusa. San ya firgita ya fizge kai. Tsinin ƙaho ya shiga ƙofar hancin Kawu ta hagu ya yage ta har gefen kunci. Waɗanda suka gani sun ce bai saki wuƙar ba sai da ya gama yankan, jininsa da na bijimi suka haɗu a ƙasa, sannan ya zauna.

A asibiti likita ya ɗinke wurin, ya yi aiki mai kyau, kowa ya shaida. Sai ya sa masa wata 'yar roba mai rami a tsakiya, tsawon gaɓar yatsa, a cikin ƙofar hancin, ya manne ta da filasta. Ta bakin tafinta ya yi masa bayani: nama idan yana warkewa tsukewa yake yi, robar nan ita za ta riƙe ƙofar a buɗe har tabon ya yi ƙwari. Wata uku, dare da rana. Kada a cire sai don wankewa, a mayar nan take.

Kwana ashirin da 'yan kai bayan haka aka ga watan azumi.

Kawu ya sha ji a wurin wa'azi cewa tabar shaƙa na karya azumi, haka ma maganin da aka ɗiga a hanci ya gangara maƙogwaro. Shi kuwa sai ya yi musu kuɗin goro: duk abin da ke cikin hanci da rana ya karya azumi. Ga kuma alwala. Ta yaya mutum zai shaƙa ruwa ya fyace da roba a hanci? Yana cikin wannan saƙe-saƙe amininsa Tajudeen ya leƙo rumfa. Tajudeen Bayarabe ne, dillalin shanu daga unguwar Lagos Town, kuma tsakaninsu akwai wasan nan na Gobirawa da Yarabawa, ba ya wuce Kawu bai tsokane shi ba.

"Bawana, bana ka huta," in ji shi. "Mu muna fama da ƙishi, kai kana zuƙar lofe ta hanci."

Mahauta suka tuntsire da dariya. Kawu ma ya dara. Amma washegari, bayan sahur, ya ɓamɓare filastar, ya zare robar, ya jefa ta cikin gwangwanin madara, ya ce da magariba zai mayar.

Haka ya yi ta yi. Ranar farko ta shiga salin-alin. Rana ta biyar sai da man kaɗanya. Rana ta goma sha biyu ta ƙi shiga ko kaɗan. Bai koma asibiti ba, don yana jin kunyar likita. Bai kuma tambayi wani malami ba. Kafin Sallah ƙofar ta tsuke, gefen hancin ya ɗan ja sama kamar na wanda ya ji ɗoyi, usur ya fara.

Ba zan ce abin ya dame shi ba. Idan baƙo ya ƙura masa ido sai ya ce, "Wanzami ya riga ya yi wa fuskar nan zane, sa ya zo ya ƙara nasa. Na nawa za a ba ka?" Inna Amama ma ta ce ita gaba ta kai ta. Da, sai ta dubi fuskarsa kafin ta san ko ransa a ɓace yake. Yanzu tun daga bakin zaure take ji: idan fiton gajere ne, kasuwa ba ta yi daɗi ba, idan dogo ne sai ta ƙara nama a miya. A cikin wannan fito na girma. Da shi nake sanin Kawu ya dawo, da shi nake sanin ya yi barcin rana, in sa littafi a gaba.

Da shekaru suka ja, abin ya daina zama na dariya. Ƙofa ɗaya ke ɗauke da aikin biyu. Mura kaɗan ta toshe ta, sai ya koma numfashi da baki, maƙogwaro ya bushe, kai ya yi ta sara. Hancin ma ya fara daina jin wari. Sau biyu Inna ce ta gaya masa hanta ta juya, abin da ko almajirin fawa ba a gaya wa. A watan Oktoban bara, yana saran ƙashi da rana tsaka, ya yanke jiki ya faɗi kan kututture. Gatarin ya sauka tazarar yatsa biyu daga ƙafarsa.

Ni kuwa lokacin na dawo gida da digiri, ina jiran a tura ni aiki, kaina cike da sani. Wani abokin karatuna ya gaya mini akwai likitan fiɗa daga ƙasar waje da ya zo wani asibiti na wata biyu kacal, gwanin gyaran fuska ne. Na matsa wa Kawu har ya sa babbar rigarsa muka hau trotro, motar hayar nan mai benci, muka tafi.

Likitan dattijo ne mai sanƙo. Ya haska hancin da 'yar fitila, ya latsa nan ya latsa can, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce hanya uku ce, ni ina fassarawa. Ta farko, a bar shi yadda yake, a riƙa ɗiga magani da turara ruwan zafi idan mura ta zo. Ta biyu, idan rashin daidaiton ne ke damun sa, ana iya sauko da gefen hagu, a ɗan rage ƙofar dama, su yi kama da juna, amma numfashi ba zai ƙaru ba.

Kawu ya dube ni. "A rage mai lafiyar?"

"Haka ya ce, Kawu."

"Tambaye shi. A garinsu idan sa ya karye a ƙafa ɗaya, karya ɗayar ake yi don tafiyarsa ta daidaita?"

Na fassara da taka-tsantsan. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce shi ma ba ya son wannan hanyar, faɗa kawai ya yi. Ta uku ita ce aikin gaske: a yanke tabon gaba ɗaya, a ɗebo 'yar fata haɗe da guringuntsi daga gefen kunne, a yi wa cikin hancin faci da ita, ƙofar ta buɗe.

Kawu ya shafa kunnensa, ya lanƙwasa shi da yatsa kamar mai taya kaya. "Guringuntsin kunne," in ji shi. "Mutumin nan ya san nama."

Sai likita ya buɗe aljihun tebur ya fito da 'yar roba. Ya ce bayan aiki wannan za ta zauna wata uku, dare da rana. Idan aka cire ta da wuri, facin zai mutu ko ƙofar ta sake tsukewa, kuma karo na uku ba lalle a samu naman da za a yi aiki da shi ba. Ya tambaya me ya sami ta farkon. Kawu ya dubi silin. Ni kuwa na ce ɓacewa ta yi. Ban san abin da ya sa na ji nauyin faɗin gaskiya ba. Da na faɗa, wataƙila da ya tambayi yaushe azumi.

Inna Amama ce ta tambaya. Ita Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "ya" ne a bakinta. Tana tankaɗe ta ce, "Ei, Abass! Kai ka yi karatu har Legon amma ba ka duba sama. Yau Sha'aban nawa? Wannan roba da azumi sun taɓa yin kokawa sau ɗaya, kai ma ka ga wanda ya kayar da wani."

Na ce likitan ƙarshen wata zai tafi, in aka rasa shi shi ke nan. Na ce gatari. Na ce hanta. Kwana uku ina magana, har Kawu, wanda ya fi karkata ga a bar shi yadda yake, ya ɗaga hannu ya ce, "Tunda ɗana ya ce a yi, a yi." Ba ya rubutun boko, saboda haka shi ya dangwala yatsa, ni na sa hannu a ƙasa.

Sun ce aikin awa ɗaya da rabi ne. Muka zauna a benci ni da Inna tun hantsi. Awa biyu ta wuce. Sai na ga wata nas ta fito da gudu, ta koma tana gungura tukunyar iska, ba ta ko kalle mu ba. Inna ta ci gaba da jan carbi. Ni na tashi na zauna, na tashi na zauna, ina ganin sa hannuna a takardar nan kamar an rubuta shi a bango. Bayan awa huɗu likita ya fito, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ce maganin sa barci ya yi wa dattijon ƙarfi, numfashinsa ya tsaya na ɗan lokaci, sai da suka yi ta hura masa iska da hannu kafin ya dawo. Amma ya dawo, kuma facin ya zauna. Ban iya fassara wa Inna ba. Bakina ya buɗe, magana ta ƙi fita. Ita ta dube ni ta ce, "Yana da rai?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "To rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Da Kawu ya farka, kai naɗe da bandeji, abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi la'asar.

Kwana goma sha takwas tsakanin aikin da azumi. An cire zare, an bar robar da filasta, likitan ya koma ƙasarsu. Kullum ni ke wanke ta in mayar, in duba da safe, in duba da rana, in sake dubawa. Ranar da ake duban wata na durƙusa gabansa na ce, "Kawu, don Allah, bana robar nan ba za ta fita ba."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan ba alkawari ba ne. Amma na so in yarda, sai na yarda.

Muka yi sahur, muka yi asuba, na koma na kishingiɗa. Da na farka rana ta ɗaga. Ɗakin Kawu a buɗe, ba shi ciki, wuƙaƙensa ma ba sa rataye, alhali an hana shi kasuwa sai bayan wata guda. Inna na tsaye a tsakar gida riƙe da gwangwanin madara. Ta karkato mini shi. Robar na ciki.

Kunnen da aka yanka, numfashin da ya tsaya, hannun da na sa, duk ga su nan a gindin gwangwani. Na fizgi takalmi zan ruga kasuwa. Inna ta riƙe mini riga.

"Ina za ka? Turanci za ka yi masa? Ni shekara goma ina masa Hausa bai ji ba. Ba ya tsoron likita, ba ya tsorona, kai kuwa shi ya share maka majina. Je ka kira Liman."

Malam Jalilu, limamin unguwarmu, tsoho ne siriri mai ƙaramar murya. Na same shi a zaure yana duba littafin da zai yi tafsiri da shi da yamma. Na zube na gaishe shi, na kwashe labari duka na gaya masa, tun daga 1957, har da gwangwanin. Ya saurara yana shafa gemu. Na roƙe shi ya aika a kira Kawu.

"A'a," in ji shi. "In na gaya masa a zauren nan, zai ce ya ji, ya gode, ya fita bai mayar ba. Ba hukunci Ishawu ke tsoro ba, bakin kasuwa yake tsoro. Inda ciwon yake, can za a kai magani. Miƙo mini sandata."

Muka tafi mu uku, Malam a gaba yana dogarawa, Inna a baya da gwangwani a hannu ɗaya, ƙullin man kaɗanya a ɗayan. Ganin Liman a layin mahauta da hantsi ya sa mutane suka fara biyo mu. Kawu na zaune kan kututture yana yanka tsoka, gefen hancinsa ya kumbura ya yi ja. Tajudeen na jingine da ginshiƙin rumfa. Da Kawu ya hango mu ya miƙe da sauri.

"Allah gafarta Malam! Da ka aiko ai da an kawo maka."

"Na zo da ƙafata. Ishawu, ina robar?"

Kawu ya dubi Inna. Inna ta dubi sama. Malam ya karɓi gwangwanin, ya ciro robar da yatsa biyu, ya ɗaga ta yadda kowa zai gani, ya kanne ido ɗaya ya leƙa sararin sama ta cikin raminta.

"Jama'a, ku taya ni gani, idona ya tsufa. Me ke bi ta cikin wannan abu? Tuwo?"

"A'a, Malam."

"Koko?"

Wata mai sayar da albasa ta ce, "Iska ce kawai, Malam."

"Iska. To duk wanda iska ba ta shiga hancinsa ba tun asuba, ya ɗaga hannu mu gan shi, don shi kaɗai ke da azumi a Nima yau."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Malam ya jira ta lafa, sannan ya yi bayani da ƙaramar muryarsa, kowa ya yi tsit don ya ji. Ya ce abin da ke karya azumi shi ne abin da ya bi ta hanci ya isa maƙogwaro, ruwa ko gari ko magani. Abin da ya tsaya a bakin ƙofa yana tsaron ta bai karya komai ba. Shaƙa ruwa a alwala kuwa sunna ce, ba farilla ba, mai rauni ya bar gefen raunin, alwalarsa ta yi. Sai ya juya ga Kawu.

"Shekara goma kana mini fito a sahun gaba har ina mance aya. Na ɗauka aikin bijimi ne, ashe aikinka ne. Taku nawa ne daga gidanka zuwa zaurena? Me ya hana ka tambaya?"

Kawu ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana goge wuƙa a tsumma. Sannan ya ce, "Tsoro na ji, Malam. Na ce in na tambaya za ka ce ni majinyaci ne, in sha, in rama daga baya. In na sha, wa zai ci yankana? In kuma na bar ta a hanci, a ce azumin Ishawu na da ƙofar baya."

"Wa zai ci? Ni zan ci. Yanko mini ƙirji. Yau da namanka zan buɗe baki, amma da sharaɗin robar nan na cikin hancinka. Wanda ke da magana ya same ni a tafsiri."

Tajudeen ya bar ginshiƙi ya matso. Fuskarsa ba wasa. "Dakata. Ishawu, maganar lofen nan da na yi ce? Tun wancan azumin?"

"Kai ka isa?" in ji Kawu. "Yaushe maganar bawa ta hana ubangidansa barci?"

"Wasa nake yi, wallahi wasa nake yi." Ya share ido da hannun riga. "Kai, Bagobiri bai yi ba. A ce maka lofe, ka toshe hancinka shekara goma?"

"To kukan me kake yi?"

"Ba kuka ba ne. Abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. Zauna in riƙe maka wannan ƙaton kan."

Kawu ya zauna kan kututture, Tajudeen ya tallafe masa ƙeya. Aka ɗebo tafasasshen ruwa daga tukunyar masu gyaran ƙafar sa, na wanke robar. Ta yi awa huɗu a waje, ƙofar ta kumbura ta fara rufewa. Na kai robar bakin hancin, ta suɓuce ta faɗi a cinyarsa. Na sake gwadawa, ta ƙi shiga. Inna ta ture ni da kafaɗa.

"Ba ni nan, mai digiri."

Ta sake wanke ta, ta shafa mata man kaɗanya. Kawu ya ɗaga yatsa, yana magana ta gefen baki. "Malam, man kaɗanyar fa?"

"Amama, iya bakin ƙofa, kada ya wuce ciki. Kai kuma rufe baki."

Karo na farko ta ƙi. Na biyu ta shiga rabi ta dawo. Kawu ya damƙe gefen kututture, jijiyoyin hannunsa suka tashi. A karo na uku Inna ta murza ta a hankali kamar mai sa wa jaririya ɗan kunne, ta shige, siririn jini ya biyo leɓensa. Kawu ya ja numfashi. Kasuwa ta yi shiru tana saurare. Babu fito.

A ranar na kai shi asibiti. Ƙaramin likitan da aka bar wa aikin ya haska, ya ce facin na da rai, amma kada a kuskura a sake. Wannan karon na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ta ranar da ta shekara goma baya. Bai yi dariya ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta, ya ce daga yau zai riƙa tambayar watan azumi.

Kawu ya yi azuminsa talatin da roba a hanci, ya je Idi da ita, filasta fari fes a kan baƙar fuska. Rumfarsa ba ta taɓa cika irin ta wannan azumin ba. Har daga Abossey Okai makanikai suka riƙa zuwa ganin mahaucin da Liman ya je wa da ƙafarsa. A watan Fabrairu aka cire ta.

Ba zan yi ƙarya ba, ƙofofin ba su daidaita ba. Ta hagu ta buɗe, ɗan yatsa na shiga, amma har yanzu ta fi ta dama ƙanƙanta, bakinta kuma ya ɗan yi kauri inda facin yake. Kunnensa na dama na da ɗan giɓi kamar na tunkiyar da aka yi wa shaida. Ƙaramin likitan ya ce bayan shekara ana iya ɗan gyara bakin ƙofar da allurar kashe zafi kawai, ba sai an sa shi barci ba, su yi kusan daidai. Na fassara, na kuma kama bakina, ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

Kawu ya ja iska ta hagu, ya ja ta dama, ya ce, "Ka yi masa godiya. Ɗaya Allah ya yi ta, ɗaya an haɗa ta da sa da likita da kunnena da hannun Amama. Ba uwarsu ɗaya ba, ba dole su yi kama ba."

Yanzu yana nan rumfa ta uku daga bakin lambatu. Har yau mai usur ake ce masa, baƙi su yi ta kasa kunne ba su ji komai ba. Tajudeen ya ce tunda an sa masa kunne a hanci, wataƙila yanzu ya fara jin magana. Inna na ƙorafin an lalata mata agogo, sai ta koma duban fuska kamar amarya. Gwangwanin madarar na cikin adakarta, da robar a ciki, ta ce ba ta yarda da Bagobiri ba.

Ni ne dai ban gama warkewa ba. Da, idan ya kwanta bayan azahar, fiton ke gaya mini yana nan. Yanzu ɗakin shiru. Sai in ajiye littafi, in laɓaɓa bakin ƙofa, in tsaya ina kallon ƙirjinsa har in ga ya ɗaga ya sauka. Shekaranjiya ina tsaye haka, idonsa a rufe, sai na ji ya ce, "Abass."

"Na'am, Kawu."

"Ina nan, ban tafi ba. Tunda kana tsaye, je ka gaya wa Amama wakenta ya kama. Tun ɗazu nake jin ƙaurinsa."